Wayar da 'Yar Injiniya Ta Ɗauka

Malam Liman, dattawan unguwa, Hajiya uwargidan marigayi da 'ya'yansa, 'yan uwa da abokan arziki, assalamu alaikum. Sannunmu da haƙuri.

Ku yi mini afuwa. Na gaji, kuma ba zan ɓoye ba.

Injiniya, kamar yadda muke kiransa, mai gyaran rediyo ne. Ya kasance idan ya gyara rediyo sai ya ce zai gwada, ya yi ta murɗa tashoshi mai kaya na tsaye yana tsaki. A haka ya ji labarin wasu mata masunta a wata ƙasa, da wani kamfani ya kange musu bakin ruwa. Ya tara mu a shagonsa, ya ce mu kafa ƙungiya mu riƙa haɗa musu ɗan abin da ya samu.

Karon farko mun tafka wauta. Muka buga riguna da sunan ƙungiyarmu ɓaro-ɓaro muka aika. Shugabarsu ta bugo waya ta ce, "Mun gode, amma mu kuɗin motar zuwa kotu muke nema." Injiniya ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Mun ba kanmu sadaka ke nan." Tun daga ranar ya kasance sai ya tambaya kafin ya ba, kuma bai taɓa neman hoton kowa ba. Daga baya masu shara da manoma na wasu ƙasashen suka shigo cikin waɗanda muke taimaka wa.

Mu arba'in muka fara, yau mu shida ne. Wallahi da niyyar sanar da rufe ƙungiyar na shirya wannan jawabi.

To jiya wayar marigayi ta yi ƙara, 'yarsa ta fari ta ɗauka. Shugabar masuntan ce, ba ta san ya rasu ba. Ta ce zaman kotu na ƙarshe watan gobe ne, su sa rai da kuɗin mota? 'Yar ta gaya mata rasuwar, suka yi kuka tare, sannan ta ce, "Ku sa rai."

'Yata, kin ɗaure mu da jijiyarmu. Hajiya, ki bar mana shagon ranar Asabar, za mu zo, mu shidan.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Injiniya, ya haskaka kabarinsa, mu kuma ya ara mana ƙarfin da ba mu da shi. Amin.