Baƙin Man Tarakta

A tashar Funtuwa da sassafe, direban motar Dandume ya tayar da inji, wata dattijuwa da ke gidan gaba ta kasa kunne.

"Direba, wannan ƙas-ƙas ɗin fa?"

"Sanyin safiya ne, Hajiya. Da ta yi zafi za ta yi shiru."

"Kullum sai ta yi zafi take dainawa?"

"Kullum. Na san motata."

"To mai ne ba ya hawa saman inji da wuri, ƙarfe ke cin ƙarfe. Wane baƙin mai ka zuba?"

"Mai kauri, na gaske! Wanda yayana ya juye daga taraktarsa bayan an gama huɗa."

"Wanda tarakta ta gama da shi ka ɗura wa ƙaramar mota?"

"Ai sai da na tace shi da ɗankwali. Hajiya, kanikanci kika koya ne?"

"Shekara ashirin ina auren direba. Malam ma da ɗankwalina yake tace nasa. Shi ma cewa yake sanyi ne."

"To kin gani! Motar tana nan dai?"

"Tana nan a ƙofar gida, kaji na ƙwai a cikinta. Sauke mini buhuna."