Nomau Bai Kai Damina Ba

A shekarar fari, ina jiran mota a tashar Ɗanbatta, sai wata tsohuwa ta matsa kusa da wani mutum mai riƙe da Littafi Mai Tsarki.

"Malam, kai mai bishara ne?"

"Ina ɗan taɓawa, Inna."

"Ɗana Nomau ya ba da gaskiya ga Yesu. An sa ranar yi masa baftisma, sai rafinmu ya ƙafe. Fasto ya ce a jira damina. Bai kai ba. Ya sami ceto kuwa?"

"Ba ruwa ke ceto ba, Inna. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wa ya yi masa baftisma? Amma ran nan ya shiga Firdausi."

"Ɗana ba ɓarawo ba ne!"

"Ban ce ba."

Sai ta sassauta murya.

"Damin gero ɗaya ne ya ɗauko, daga rumbun maƙwabci. Kwanana uku ban sa komai a baki ba, ya kasa kallona."

"Yesu ya ɗauke masa wannan a kan gicciye."

"To, shi ya huta. Ni fa da na daka, na ci, ban tambaye shi inda ya samo ba?"

Mutumin ya yi ajiyar zuciya.

"Ni ma na ci irinsa bana, Inna. Shi ya sa ba na ajiye littafin nan."