Tukunyar da Na Ɗauko daga Ikko

Guzurin da na bar Dutse da shi kuɗin tunkiyar Inna ne. Ta ƙulle su a tsumma, ta juya baya ta miƙo mini, don ni ɗan fari ne, ba ta kallon idona balle ta kira sunana. A lokacin ciwon ciki ya daɗe yana damun ta. Na ce zan tafi Ikko ci-rani, in Allah ya yarda in dawo mata da magani.

Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, mutane suna ta cewa aljanu ke jan sa. Na shiga na duba. Gawayi ne da wani baƙin mutum mai gumi.

A Ikko na samu dako a bakin ruwa. Helmanmu, wato shugaban 'yan dako, bai san wata magana ba sai "kwik-kwik", wai mu yi sauri, mu kuwa muka sa masa suna Kwikwiyo. Karatun da na yi a zauren mahaifina ya amfane ni ƙwarai: ina iya faɗa muku hukuncin buhun da na ɗauka, amma nauyinsa bai ragu ba.

Ɗaki na kama a gidan wata Bayarabiya, Iya Sikira, mai sayar da goro, wadda ta tsinci Hausarta a kasuwa. Tsakar gidanta bai kai shimfiɗar tabarma biyu ba, amma ku zo ku ga gona! Fasasshiyar tukunya, tsohon kwano, gwangwanin kananzir, kowanne da ganyensa. Na miya daban, na zazzaɓi daban, na korar sauro daban. Ta san wanda ke son rana da wanda ke son inuwa, tana jan su daga bango zuwa bango kamar mai renon jikoki. Ni da na fito daga inda ake auna gona da tafiyar ƙafa, dariya abin ya ba ni. Wata rana na tofa tuƙar goro a ɗaya.

"Gambari!" Haka suke kiran Bahaushe. "Bakinka kai tofa a abinci na?"

"Iya, ai taki ne."

"Taki? Gobe ni sa taki a tuwo naka!"

Ban sake ba.

Da ruwan Ikko ya murɗe mini ciki, har na fara wasiyyar wandona, ita ce ta tsinko ganye daga wata tukunya, ta murje a ruwa, ta toshe mini hanci ta ɗura. Na tashi. Ta ce sunansa "efinrin", na ce "afirin", ta ce in bar shi haka kada in ji wa harshena ciwo. Nan take na tuna Inna. Da tafiyata ta zo, Iya Sikira ta dasa mini reshe a ƙaramar tukunya, ta huda gindin da ƙusa.

"Ruwa kaɗan-kaɗan. Rana ta yi zafi, rufe da riga."

Abokan tafiya sun dawo da agogo da laima, ni na rungumo tukunya. Suka riƙa tambaya ko amarya ta kwana lafiya. Daga Kano zuwa Dutse kuwa a ƙasa ne, cikin bazara, ƙasa kamar kasko. Ruwan gorana tare muka raba da tukunyar, ita ce ma mai babban rabo. A wajen Gaya jakin wani fatake ya cinye rabinta, na faɗa wa jakin maganganun da ba a koyar da su a zaure.

Na iso da ganye kaɗan a jikinta, amma kore shar. Na durƙusa na ajiye a gaban Inna, na fara bayani. Ta tsinki ɗaya ta sansana.

"Ɗoɗɗoya ce. Bayan rumbunmu ma tana fitowa."

Ku dai kada ku raina kicin, samari. Namijin da bai taɓa leƙa madafa ba, haka ake yi masa.

Na ce, "To, Inna, me ya hana ki sha?"

"Ina sha mana. Ka taɓa jin ina nishi da damina? Rani ne ke kashe ta, ciwon ya dawo."

Sai ta ɗaga tukunyar, ta jujjuya, ta sa ɗan yatsa a hudar gindin.

"Wa ya yi wannan tunani?"

"Wata Bayarabiya ce."

"Allah ya yi mata albarka. Mu mun tsufa muna jiran ruwan sama."

Ta kai ta inda take alwala, don ruwan ya riƙa zuba a ciki. Da ranin gaba ya zo, abokaina suka biyo mini mu koma Ikko. Na kasa kunne ta katanga, na ji Inna tana daka tana yi wa awaki faɗa da ƙarfinta. Na ce su gaida Iya Sikira.