Ashe Maganin Ba Jabu Ba Ne

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Sunana Ɗanjuma, ina noman wake a Gidan Kwano.

Bana sau uku na yi feshi, tsutsa ko gezau. Na ɗauka jabu aka sayar mini, har na je na zazzage wa mai shago masifa. Ragowar maganin kuwa a ɗaki nake fesawa saboda sauro, shi ma ya daina mutuwa.

Wata mai bincike daga jami'a ta ɗebi 'ya'yan sauro a kududdufin gonata, ta tafi da su da ɗan maganin don ta yi gwaji. Da ta dawo ta ce, "Baba, maganinka mai kyau ne. Ƙwarin da suka tsira daga feshi su ke haihuwa, 'ya'yansu kuma suna gadon juriyar."

Yanzu jikata tana kwance da zazzaɓi. Masu sauraro, me kuma zan fesa?