Takwas ga Wata na Biyar

A ɗakin jiran jirgin ƙasa na Bengbu, a ƙasar Sin, tsohuwa Meng ta miƙa wa saurayin da ke gefenta waya, jikarta Duoduo na barci a cinyarta.

"Ɗana, duba min tikitinmu na filin wasan yara na Shanghai. Wace ƙofa za mu bi gobe?"

"Kaka, ai ya wuce. Na takwas ga Mayu ne."

"To, takwas ga wata na biyar. Gobe kenan, ranar haihuwar yarinyar nan."

"Muna Yuni fa."

"Yunin wa? Shekaranjiya aka yi bikin kwalekwale, biyar ga wata. Ko ku 'yan birni ba ku yi ba?"

"Mun yi. Ke lissafin wata kike bi, wayar kuma kalandar gwamnati."

"Wato ranar haihuwarta ta wuce ban sani ba?"

"A'a, tikitin ne ya wuce."

"Ba mu je ba, ya za a yi ya wuce?"

Duoduo ta motsa. Meng ta rufe mata kunne da tafi.

"Rage murya. Akwai sauran na gobe?"

"Sai na jibi."

Ta daɗe tana kallon yarinyar.

"To. In ta farka, jibi ne takwas. Ka ji ko?"