Na Ce wa Ɗiyata Ta Ɓoye Ƙasarta

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Kun san ni da noman albasa a nan Goronyo. Kun kuma san ɗiyata Rahila, wadda ta tafi koyar da Turanci a wata ƙasa ta Asiya.

Da ta isa, ta tarar ba a biyan malamai daidai. Mai fasfon Ingila ko Amurka albashinsa daban ne, ko bai taɓa riƙe alli ba. Ita da digirinta albashinta na can ƙasa, alhali har darasi take shirya wa ɗayansu. Sai shugabar makarantar ta ce za a ƙara mata, in za ta riƙa gaya wa iyayen yara cewa ita 'yar Kanada ce.

Rahila ta kira ni neman shawara. A shekarar albasata ta ruɓe a wurin ajiya, zuciyata na kan abin da za ta aiko. Na ce mata, "Mi za ki rasa? Wa zai zo Goronyo ya bincika?"

Ni dattijon ikkilisiya, da bakina!

Ta bi maganata. Saƙo ya riƙa zuwa, na gyara rufin ɗaki, ina cewa Allah ya buɗe hanya. Amma kiranta ya ragu. Mahaifiyarta ta ce muryar yarinyar nan ta canja, na ce gajiya ce.

Wata Lahadi bayan sujada ta kira. Wai wata ƙaramar ɗaliba mai ƙaunarta ta kawo taswira, tana so ta ga garin malamarta.

"Baba, na ɗora yatsa kan ƙasar da ban taɓa takawa ba. Yarinyar ta zagaye wurin da biro, wai in ta girma za ta zo ta gaishe ku."

Na ajiye wayar. Na nufi gona, na durƙusa a bakin ruwa. Na ce, Ubangiji, ni na sa ta, kada ka bar mata wannan nauyi. Na daɗe ina kuka kafin na ji zuciyata ta sake.

Na kira ta na roƙi gafararta, na ce ko ba ta ƙara aiko komai ba, ta faɗi gaskiya. Ta faɗa. Ƙarshen zango ba su sabunta aikinta ba. Ta sha nema, wurare da yawa da sun ga fasfonta sai shiru. Yanzu tana wata ƙaramar makaranta a bayan gari. Albashin har yau bai kai na Turawa ba, ba zan ɓoye muku ba. Amma tana dariya a waya, ta kuma koma zumuntar ikkilisiya da ta daina zuwa.

Na gode wa Yesu da ya raba ni da kwaɗayin da nake kira albarka. Iyaye, ku dogara gare shi don abincinku. In ɗanku ya kira daga waje, ku fara tambayar yadda zuciyarsa take. Amin.