Tayar Baya

A tashar mota ta Gusau, wani dogon mutum ya dire buhu kusa da ƙwaryar Luba mai fura, buhun ya yi ƙarar ƙarafa.

"Malam, gwangwani kake saye?" in ji Luba.

"Marafan kwalbar lemo ne, Inna. Ba ki ji a rediyo ba? In ka haɗa hoton babur da ke cikin marafan, sai su ba ka babur."

"Ikon Allah! To ina babur ɗin? Ko yana ƙasan buhun?"

"Na samu tanki, na samu sirdi, tayar gaba kuwa har arba'in da ɗaya. Tayar baya ce ta ƙi fitowa."

"Ka mayar da ɗaya baya mana. Taya ai taya ce."

"Haka na ce wa mai kantin, ya ce doka ta hana. Wai kuma ba su karɓar marfin da ya lanƙwashe."

"To da mi za a buɗe kwalbar? Da addu'a?"

"Kuma ko na haɗa, sai na kai Legas da kaina."

"Madalla da masu kyauta! Duk kai ka shanye wannan lemo?"

"Mutanen garinmu Karakkai suka shanye. Wata biyu ina raba musu, su miƙo mini marafai."

"Allah ya karɓi sadaka. Gero ka sayar?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Kekena."

Luba ta ci gaba da dama furarta.

"Ashe dai ka taɓa mallakar tayar baya."